Idona Ma'auni Ne

Ranar da surukina, Baba Ilu na Mallawa, ya aike ni Magariya in sayo wa dokinsa sabon linzami, ya miƙo mini igiyar da ya auna haɓar dokin da ita. Na ce, "Baba, bar ta. Ni idona ma'auni ne."

Maƙerin Magariya ma ya tambaye ni awon zoben da ke zagaye haɓa. Na nuna wanda ya fi ƙyalli.

Da na dawo, zoben ya ƙi shiga. Na ce taurin kan doki ne, na danna da ƙarfi. Ya shiga, ya ƙi fita. Kafin a ɗauko maƙerin garinmu da zarto, jini ya jiƙe ƙirjin dokin. Kwana tara bai tauna harawa ba. Baba Ilu bai zage ni ba. "Sannu da aiki," kawai ya ce, ya juya.

Dokin ya warke da tabo, kuma har yau in ya gan ni sai ya kwantar da kunnuwa. A Mallawa kuwa, ko hula za a saya, sai wani ya ce, "A kira Mai-ido ya auna, amma a tanadi zarto."