Rimot Mai Jan Ƙyalle

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a filin bayan Kado ba, ko da yake filin yanzu ya zama gidaje, babu ko gona ɗaya da ta rage. A shekarun da ake kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja ne. Ni direba ne a ɗaya daga cikinsu, aka kwaso ni tare da tebura da kujeru. Na haura arba'in a lokacin, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci (shi ya sa yau nake rubuta wannan da hannuna, don haka babu wanda zan ce ya ƙara mini gishiri).

Garin shiru ne a wancan zamani. Da an tashi aiki ranar Juma'a kowa ya gudu garinsu, mu da muka rage sai kallon duwatsu. Ana nan wata rana Oga Bulus, injiniya a ma'aikatarmu, mutumin Filato marar yawan magana, ya roƙe ni in taya shi ɗaukar wani dogon akwati zuwa fili. Da ya buɗe, sai na ga ɗan jirgi mai saukar ungulu, tsawonsa kamar hannuna, da farfelar katako da ɗan injinsa mai shan mai.

Na ɗauka abin wasan yara ne, sai da ya tayar da shi. Ya riƙe rimot a ƙirji, manyan yatsunsa biyu a kan sanduna, ya ɗaga jirgin ya tsayar da shi cak a iska kamar an rataye shi da zare. Ya juya shi, ya kai shi har kan bishiyar ɗorawa, ya dawo da shi ya sauke a kan kwalin da ya shimfiɗa. Na shekara ashirin ina tuƙi, ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin wannan ba. Da kansa ya harhaɗa jirgin tun a Legas, kuma da za a taho bai yarda an sa shi a babbar mota ba, a kan cinyarsa ya kawo shi. Idan wani abu ya karye, babu inda ake sayar da shi a Abuja, sai an aika Legas an jira.

Daga ranar na zama ɗan fili. Akwai wasu mutane kaɗan da ke zuwa da nasu jiragen, ni kuma ina riƙe galan ɗin mai, ina kallo. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce ina son nawa.

"Malam, kar ka sayi sabo," in ji Oga Bulus. "Jirgin farko na faɗuwa ne. Ka nemi tsoho, ka sayi farfela mai araha da yawa, ka ɗaura masa sanduna biyu a ƙafa don kar ya kife. Batir ne kawai ba a yi masa rowa."

"Rimot fa, Oga?"

"Wannan kar ka saya sai muna tare. Akwai abin da zan duba."

Shi ya samo mini tsohon jirgi a wurin wani ɗan filin, da sauƙi ƙwarai, fentinsa ya koɗe amma injin lafiya. Na kai shi gida na ajiye a kan kabad. Matata Asabe ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Maigida, furfurar taka ba ta ba ka shawara ba ne?" Na ce ta jira ta gani.

An san ni da haƙuri. Ina iya jiran shugabana a mota daga safe har la'asar ban yi tsaki ba. Amma jiran rimot ya fi ƙarfina. Na je kasuwar Wuse wurin wani mai gwanjo da ke sayen kayan Turawan kamfanonin gini idan za su koma ƙasarsu. Ya zaro rimot biyu daga ƙarƙashin tebur, kuɗinsu ɗaya. Ɗaya da koren ƙyalle a kan eriya, ɗaya da ja. Na san kowane ɗan fili da launin ƙyallensa, na ɗauka ado ne, ko don a ga inda iska ke kaɗawa. Na Oga Bulus ja ne. Ban ko yi dogon tunani ba na ce a ba ni mai jan (har a zuciyata ina cewa idan ya gani zai san ɗalibinsa na bin sahunsa).

Asabar ɗin na isa fili na tarar jirgin Oga Bulus yana sama, kowa ya ɗaga kai. Na laɓe bayan motata don in ba shi mamaki. Na ajiye jirgina a ƙasa, na haɗa batir, na zaro eriya har ƙarshe, na kunna. Ba tayar da shi zan yi ba, so nake kawai in ga farfelar wutsiya ta motsa. Na tura sandar hagu. Shiru. Na tura ta dama. Shiru. Sai na yi abin da kowane direba ke yi idan mota ta ƙi ji, na ƙara ƙarfi. Na rinƙa juya sandunan nan kamar mai tuƙa tuwo.

Sai na ji ƙarar injin da ke sama ta canja. Na leƙa, na ga jirgin Oga Bulus yana tangaɗi, ya yi hagu, ya yi dama, ya sunkuyar da kai. Har na yaba a raina, na ce yau Oga sabon salo yake gwadawa. Can ya karkata ya nufi wata gonar doya, ya faɗa da wata ƙara da har yau nake ji a kunnena.

Kowa ya ruga, ni ma na ruga, rimot a hannuna a kunne. Muka tarar farfela ta tarwatse, wutsiya ta lanƙwashe, gilashin gaba ya fashe. Mai gonar, wata dattijuwa Bagwariya, ta ajiye fartanya ta zo ta tsaya a kanmu.

"Wannan tsuntsu naku doya yake ci?" ta tambaya.

Babu wanda ya yi dariya. Oga Bulus ya durƙusa yana tsintar guntayen katako ɗaya bayan ɗaya. "Ban gane ba," ya ce a hankali. "Na duba komai da safe." Ya kashe rimot ɗinsa ya ajiye a ƙasa.

Aka yi tsit. A cikin shirun nan sai wani abu ya yi ƙiƙ-ƙiƙ a cikin jirgin, guntun farfelar wutsiya ya motsa. Ya tsaya. Ya sake motsawa. Oga Bulus ya dubi rimot ɗinsa da ke kashe, sannan ya ɗago kai a hankali, sauran ma suka juyo. Ga ni tsaye, eriya a miƙe, jan ƙyalle yana kaɗawa, yatsana yana rawa a kan sanda. Duk lokacin da yatsan ya yi rawa, mataccen jirgin ya amsa.

A nan ne wani ya bayyana mini cewa launin ƙyalle tashar rimot yake nunawa, kamar tashar rediyo. Mutum biyu ba sa hawa launi ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba jirgi ya rasa wa zai saurara. Abin da Oga ya ce zai duba ke nan. Na yi fatan ƙasa ta buɗe. Na riga na gama lissafin cewa Asabar tawa ta ƙarshe ke nan a filin, kuma ranar Litinin ban san yadda zan gaishe shi a ofis ba.

Oga Bulus ya juyo gare ni. Sai ya ce, "Malam, taɓa ta hagun nan."

Na taɓa. Jirgin ya motsa.

"Ta dama."

Ya sake motsawa.

"Daga bayan mota ka kayar da ni?"

"Daga can ne, Oga."

"To, rimot ɗin nan yana da ƙarfi. Ka iya zaɓe." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. "Me ya sa ka ɗauki ja?"

Na ce, "Irin naka ne."

Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza, ban sani ba ko dariya ce ko kuka sai da ya sauke hannun. Dattijuwar ta ce, "Ku kwashe kayanku, manya da ku." Muka gyara mata kunyoyin da muka tattake, muka ba ta haƙuri.

Oga Bulus bai karɓi ko kwabo a hannuna ba. Ya buɗe bayan rimot ɗina ya cire ɗan ƙarfen da ke riƙe tasha, kamar ƙwayar gyaɗa, ya sa wani wanda ya dace da jirgina, ya ɗaura mini ƙyalle mai ruwan ɗorawa a eriya. Hukuncina shi ne duk Asabar in je barandarsa mu gyara abin da na lalata. Damina guda muka yi muna jiran kaya daga Legas, ina goge sabuwar farfela da sanfefa, yana nuna mini sunayen sassan a littafin jirgin ina haɗa baƙaƙen. Ko sau ɗaya bai sake tayar da maganar ba. Sauran 'yan fili ne ba su bari ba, da sun hango motata sai wani ya ce, "A sauke jirage, mai harbi ya iso."

Ranar da jirgin ya sake tashi, kafin Oga Bulus ya kunna sai ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na ɗora masa batirin rimot ɗina a tafi, ya sa a aljihu, sannan ya tayar da inji.

Abin da na koya shi ne, idan mutum ya burge ka har kana son ka zama irinsa, ka tambaye shi tukuna wane abu nasa ne ba a kwaikwaya.