Ƙwaƙwalwar Kabi a Kasuwar Albasa

Idan ana kiran sunayen masu ilimi a Jega, da Injiniya Haliru ake farawa, domin shi ne mai kiran. Gilashin idonsa ba na magani ba ne, amma kai irin nasa ba ya fita tsirara. 'Yan kasuwa suna ce masa Ƙwaƙwalwar Kabi. Ya ɗauka yabo ne, har ya buga a katinsa.

Shi ƙungiyar 'yan albasa ta Aliero ta ba aikin manhaja: mai kaya ya rubuta abin da ya kawo, mai buƙata ya buga kalma ya nemo. Injin da ke ɗauke da manhajar guda ne, aikinsa biyu: ya jera kowace kalmar da aka shigar yadda za a same ta, ya kuma amsa wa masu nema. Hadiza, abokiyar aikinsa, ta ce a riƙa tara sabon rubutu ana jerawa kashi-kashi, a bar wa masu nema fili ranar kasuwa.

Haliru ya gyara hula. "Malama, wanga tunanin ƙananan injiniyoyi na. Injina, ko ɗigo aka ƙara, sai ya sake jera komai tun daga farko. Haka manya ka yi."

Ranar kasuwa kuwa manya suka yi. Dillalai suna ta rubutu, injin yana ta sake jeri, masu nema suna kallon ɗan zoben jiran amsa yana juyawa a waya. Sanusi, manomi daga Mungadi, ya sauke buhu arba'in, ya buga "mai saye" tun da hantsi. Har azahar zoben bai gaji ba. Motocin kudu suka cika suka tashi, albasarsa tana dahuwa a rana.

Ya iske Haliru a rumfar ƙungiya. "Injiniya, mi ad dalili? Kayana za su lalace!"

"Zurfin tunani, Malam Sanusi! Inji mai hankali ba ya gaggawar magana."

Don ya kunyata masu shakka, Haliru ya hau benci, ya ɗaga waya, ya buga cikakken sunansa da duk muƙamansa. Kowa ya zuba masa ido. Ya tsaya hannu a sama, zoben yana ta juyawa. Hadiza ta gaji, ta buɗe kwamfutarta ta dakatar da jerin ba tare da ta gaya wa kowa ba. Nan take amsa ta faɗo. Haliru ya washe baki, ya karanta da ƙarfi kafin idonsa ya gargaɗi bakinsa:

"Ba a san wannan ba. Ko albasa kake nufi?"