Yadda Za Ka Ɗaure Cikinka Ba Tare da Hajiya Ta Sani Ba

Jaka ɗaya. Ƙaramar blanda ta markaɗe. Cokalin shayi biyu. Kwanon roba mai hoton agwagwa, irin na yaran da aka yaye. Ƙwayoyin bitamin na taunawa. Takardar likita, a naɗe cikin safa. Turare da dabino na tsaraba. Sai ƙananan tabo biyar a fatar ciki.

Abin da na riƙo ke nan a jirgin ƙasa daga Abuja zuwa Rigasa, kwana tara bayan likitoci a Alƙahira sun ɗaure mini wuyan tumbi da zoben roba. Tumbin da yake lashe malmala huɗu ya koma ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙwai ɗaya. A gida kuwa kowa ya san kwas ofis ya tura ni can, in ban da matata Saratu.

Idan kai ma teɓa ta kai ka bango, bi matakan nan. Na yi maka alkawari biyu: za ka zubar da kilo ashirin cikin wata biyar, kuma mahaifiyarka ba za ta ji komai ba. Akwai abin da zai lalace a hanya, wato sunan matarka a gidanku. Kada wannan ya dame ka. Sikeli ba ya auna shi.

1. Ka nemi dalili, sannan ka ɓoye shi

Nawa dalilin kilo ɗari da talatin da takwas ne, da ciwon suga, da gwiwoyin da suka daina lanƙwasuwa. Ina da shekara arba'in da ɗaya, amma a kan kujerar roba nake sallah, can gefen sahu tare da tsofaffin da suka yi ritaya daga reluwe. Wata rana na makara, kujeru sun ƙare. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya turo mini tasa, ya ce, "Zauna, yaro, ka fi ni bukata." A tsaye ya yi raka'a huɗu, da furfurarsa.

Dalilin ɓoyewa kuma biyu ne. Mahaifinmu da ƙafarsa ya shiga ɗakin tiyata, bai fito ba, kuma tun daga ranar Hajiya ba ta son jin kalmar. Wannan shi za ka gaya wa matarka. Na gaskiyar kuwa kunya ce. A garin da mutane ke neman abin sawa a ciki, kai ka hau jirgi ka je a rage maka cikin. Yayanka zai yi shekara goma yana ba da labarin a wurin ɗaurin aure.

Ka sa matarka ta rantse ba za ta faɗa ba. Saratu ta rantse, sannan ta ce, "Abban Nafisa, jiki fa ba a sa shi a aljihu. Idan ka fara zubewa, me za mu ce?"

Na ce mata shekarata tara ina karatu a ƙasar waje, na san yadda ake tsara abu. Ka tanadi irin wannan jumlar. Ba ta nufin komai, amma tana kashe magana.

2. Sati biyu kafin wuƙa

Likita zai ce hantarka ta yi kitse, sai ta motse kafin ya samu hanya. Saboda haka sati biyu ba abin da za ka sa a baki sai romo da madara marar maiƙo. Ka canja hanyar dawowa daga ofis. Duk kwanar da ka san akwai mai tsire, ka kauce mata.

Matsalar ita ce kular Hajiya. Tawa mahaifiyar, Litinin da Alhamis take aiko mini da abinci daga gidanmu na Abakpa, don a ganinta ba a taɓa ƙosar da ni ba tun da na bar gabanta. Ka ce azumin nafila ka fara. Ni haka na ce. Ta ji daɗi, ta sa mini albarka, ta ninka kular saboda buɗa baki. Maigadinmu Malam Datti, dattijo busasshe, cikin sati biyun nan ya fara sheƙi.

Masana sun tabbatar cewa ƙarya ta farko ce kawai ke bukatar tunani. Sauran da kansu suke zuwa.

3. Ka koyi cin abinci daga farko

Bayan aiki, sati biyu ruwa-ruwa, sati biyu markaɗaɗɗe, sannan mai laushi. Daga nan dokokin sun zama na har abada. Loma kada ta wuce kan ɗan yatsa. Ka tauna sau ashirin. Ka ajiye cokali ka jira. Ruwa sai bayan rabin awa. Lemo mai gas, kun rabu. Burodi da kilishi, ku gaisa daga nesa.

Idan ka yi gaggawa, lomar za ta tsaya maka a ƙirji kamar tirelar da ta lalace a gadar Kawo, ba gaba ba baya. Yawu zai cika maka baki, ido ya kawo ruwa, sannan ta dawo ta hanyar da ta bi.

Saratu ce ta ɗauki aikin blanda. Dankali, wake, kifi, duk ta markaɗa ta zuba mini a kwanon agwagwa. Ranar da na matsa mata ta markaɗa mini tsire, ta leƙa abin da ya fito ta ce, "Wannan ko kyanwa sai an roƙe ta." Na shanye. Ban ba ka shawara ba.

Akwai kuma ɗan maɓalli a ƙarƙashin fata, inda likita ke tsira allura ya ƙara wa zoben ruwa don ya matse. Duk wata za ka je Abuja saboda wannan. Sunan tafiyar "taro".

4. Farantin Juma'a

Nan ne ake faɗuwa, don haka ka nutsu.

A gidanmu, idan aka sauko daga masallaci, 'ya'yan Hajiya maza muna zama a tabarma mu ci a faranti ɗaya: ni, da Yaya Isma'ila, da ƙanenmu Khalid. Tuwon shinkafa da miyar taushe. Hajiya tana zama a bakin ƙofa kan kujera 'yar tsugunno. Ba ta ci. Hannuwanmu take kallo.

Juma'a shida za ka iya zillewa da gajiyar tafiya da aikin ofis. Ta bakwai dole ka je, kuma abu biyu na jiranka waɗanda likitan Alƙahira bai san da su ba. Na ɗaya, a faranti kowa gabansa yake ci. 'Yan'uwanka za su haƙe nasu ɓangaren har ƙasa, naka ya tsaya shi kaɗai kamar katanga. Na biyu, tuwo ba a tauna shi. Haɗiya ake.

Khalid ne ya fara gani. Tun da na dawo daga karatu, Bature suke kirana. Ya tsaya da loma a hannu.

"Yaya Isma'ila, duba. Bature yana tauna tuwo."

"Ƙarya kake."

"Wallahi. Ina ƙirgawa, ya kai goma sha huɗu."

Isma'ila ya leƙo fuskata. "Kai, ƙashi ka samu a ciki? Ko shi ne kwas ɗin da aka tura ka?"

Na ce bincike ya nuna tauna tana taimaka wa narkewar abinci.

"Shekara arba'in kana zubawa kamar rijiya, sai yau binciken ya iso ka?"

Sai Hajiya ta yi magana, a hankali, da sunan da take kirana. "Audi, miyar ce ba ta yi ba?"

A nan kada ka yi jarumta. Ni na yi. Na yanko loma irin ta da, na dangwala miya, na haɗiye saboda idonta. Ta tsaya inda na gaya maka tana tsayawa. Na tashi da gudu zuwa bayan gida, kuma gidanmu ba shi da girman da zai ɓoye irin wannan ƙara. Da na dawo ido jajir, Hajiya ba ni take kallo ba. Ƙofar cikin gida take kallo, inda Saratu ke zaune tare da sauran mata.

5. Ka bar mutane su yi maka bayani

Idan ka fara ramewa, ba sai ka ƙirƙiro komai ba. Jama'a za su yi maka aikin. A ofis an ce bincike ake yi a kaina. A unguwa an ce ciwon nan ne da ba a faɗar sunansa. Telana na Babbar Kasuwa, da na kai masa kaftani shida ya rage, bai tambaye ni komai ba, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, Allah ya sa kaffara ne."

A gidanmu kuwa bayani ɗaya ne. Namiji ba ya ramewa haka kawai, sai a duba matarsa. Ko ba ta girki, ko ba ta ba shi kwanciyar hankali, ko ta ba shi wani abu ya ci don kada abincin uwarsa ya zauna masa a ciki. Na ukun ne ya samu karɓuwa, tunda kowa ya ji abin da ya faru da tuwon Hajiya.

Ka lura da kyau: babu wanda ya ambaci tiyata. Wannan nasara ce. Ka yi shiru ka ci moriyarta. A watan nan ne na ajiye kujerar roba na kai goshina ƙasa, karo na farko cikin shekara uku. Suga ya sauka. Na fara ganin yatsun ƙafata ba tare da na leƙa ba.

A watan nan ne kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta zo gidana ba sanarwa, ta wuce kicin tana buɗe tukwane. Hajiya ta koma amsa gaisuwar Saratu da "lafiya" ɗaya tak. Ta aiko mini da rubutu a gora ta hannun Khalid, da sharaɗin kada matata ta taɓa. Aka yi suna a gidan Isma'ila, Saratu ta yini tana dambu.

Da ta dawo ta ajiye kular a gabana. "Abban Nafisa, duba. Yadda na kai ta haka ta dawo. Ko buɗewa ba a yi ba."

Na ce ta ƙara haƙuri, saura kilo goma.

Amsa ce mai tsari, tana da adadi a ciki. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, amma blanda ba ta fasa ba.

6. Idan aka kira taro

Za a kira. Ni ranar Alhamis Isma'ila ya buga mini waya, babu "Bature" babu dariya.

"Hajiya ta sa an kira Kawun Saratu. Asabar da hantsi. Ko ta faɗi abin da take ba ka, ko ta je gidansu ta huta har ka warke."

Kana da hanyoyi. Za ka iya ƙirƙiro tafiya. Za ka iya cewa gyambon ciki ne. Ni na zaɓi gyambon, na je na yi wa Saratu bayanin yadda za mu jera maganar, wa zai fara, wa zai ɗora. Tana gugar mayafinta, ba ta ɗago ba.

"Na rantse ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba," in ji ta. "Amma ba zan yi ƙarya a gaban Kawu ba. Shi ya ba ka ni. Zan zauna in yi shiru in kalle ka."

Kada ka raina wannan barazanar. Ni na raina ta.

7. Ka ɗaga riga

Falon Hajiya, ƙarfe goma. Kawu a kujera da carbinsa, Isma'ila a gefe, Saratu a ƙasa. Hajiya ta jero komai: ramar, da aman, da tuwon da ɗanta ya koma taunawa kamar wanda aka juya wa hankali. Ba mugunta take ba, tsoro take ji.

Kawu ya ce, "Saratu, kin ji. Me za ki ce?"

Ta ɗago ta kalle ni.

Ya sake tambaya. Ya ce idan akwai abin da ta yi, ta faɗa, shi zai ba da haƙuri a madadinta. Tsoho ne mai mutunci, ya taso tun daga Rafin Guza a keke mai ƙafa uku, yana shirin sunkuyar da kai saboda laifin da ba a yi ba. Ita kuma ba ta ɗauke ido daga kaina ba.

Gyambon yana bakina, na haddace shi. Sai na ga na miƙe tsaye. Na kama kaftani da singileti na ɗaga har ƙirji, a gaban surukina.

"Tiyata aka yi mini. Ba kwas na je ba. Zobe aka sa mini a ciki don in rage ci. Saratu ta sani, ni na sa ta rantse."

Kawu ya kawar da kai. Isma'ila ya ce, "Bature, cikin ka ɗauka ka kai har Masar aka ɗaure?" Ba wanda ya taya shi.

Hajiya ta ce, "Zo nan."

Na matsa. Ta bi tabon da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har biyar.

"Da ka mutu a can fa? Wa zai zo ya gaya mini? Ofis?"

Babu matakin da ya tanadi amsar wannan.

"Wata biyar," in ji ta. "Wata biyar ka bar ni ina ɗaukar alhakin 'yar mutane, kai kana zaune kana tauna tuwo."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, kuma an tabbatar a gaban shaidu cewa bai iya tsara komai ba. Duk wanda ya bi matakan nan, abin da ya same shi a ƙirji, ko a aure, ko a falon mahaifiyarsa, shi ya jiyo, babu ruwana. Alkawarin kilo ashirin yana nan. Na biyun an janye shi. Mai ƙorafi kada ya neme ni a Abakpa, don ni ma matsayina a can bai tabbata ba.

Hajiya ta ba Kawu haƙuri har sau uku. Sannan ta miƙe, ta kama hannun Saratu, ta ja ta zuwa ɗaki. Na bi bayansu. A bakin ƙofa ta juyo.

"Kai tsaya nan. Daga yau babu kai a farantin Juma'a. Abin da matarka ta ba ka shi za ka ci, a gidanka, sai ranar da ta zo da bakinta ta ce mini ta huce."

Ta rufe ƙofa.