Takalman Surukina

Matso kusa ki ji. Sati guda ƙanwata tana koya mini ɗaukar hoto da waya, har na fara jin kaina gwana. Baba, surukina, bai taɓa yarda a ɗauke shi ba sai ranar sunan jikansa a Roni. Na ce ba mai ɗauka sai ni. Na durƙusa, na sunkuyar da kai don kunya, na danna.

Da aka duba, takalmansa kawai suka fito.

Baba ya yi dariya. "'Yar nan, saura mai takalman." Ya sake zama, Allah ya saka masa da alheri.

Har yau ƙannen mijina miƙo mini ƙafa suke: "Matar Yaya, ɗauke mu!" Ke da kin iya kallon idon suruki?