Injiniya Kopyo da Ƙofar da Ta Gagari Mai Ita

Ranar Lahadin da ta wuce, maƙwabcina Manoy Kopyo, wanda ya ce a riƙa kiransa Injiniya, ya wuni a kulle cikin ɗakin da ya ƙera da hannunsa, bauna kwance a bakin ƙofa tana tuƙa. Kada wanda ya yi dariya. Irin wannan sai manyan mutane take samu.

Duk tsibirinmu na Katanduwanes, inda guguwa ke fara yada zango kafin ta ƙarasa sauran ƙasa, babu mai ƙera ƙofa da taga kamarsa. Shi da kansa ya faɗa mana, kuma wa zai fi shi sani? Da can kafinta ne kamar kowa, ni ma ya taɓa yi mini bencin da har yau sai na sa masa dutse yake tsayuwa. Sai ya je aiki ƙasar waje ya dawo da farar hular kwano. Tun daga nan ko aski zai je da ita yake tafiya.

Ma'aikatansa ma duk manya ne. Ambo shi ne Daraktan Gilashi, Entoy Daraktan Ƙarfe, Dikoy mai shara kuma Daraktan Muhalli. Kullum da safe sai ya jera su ya yi musu lacca, ni kuma ina suyar ayabata a gefe ina kwasar ilimi kyauta.

"Guguwa jahila ce," in ji shi. "Turi kawai ta iya. Ƙofar da ke buɗewa ciki, tana turawa ta shige. Tawa kuwa waje take buɗewa. Tana turawa, tana ƙara rufe mini ita. Ni guguwa aiki take mini, ko shinkafa ba na ba ta."

To, ga inda matsalar take. A garinmu ƙofa ciki take buɗewa, don arziki in ya zo ya turo ya shigo. Wace tsohuwa ce za ta yarda da ƙofar da za ta bangaje arziki ya faɗa kwata? Ƙofofi suka taru a shago har rufi. Matarsa, Manay Salbe, ta ce in bai samu aikin babban zauren unguwa ba, inda muke fakewa in guguwa ta taso, to Daraktoci su koma kamun kifi, shago kuma ta mai da shi ɗakin kaji.

Shi ya sa ya gayyato shugabar unguwa, Kapitana Meding, ta ga gwaji da idonta. Ya kafa ɗan ɗaki a fili, da ƙofa ɗaya da taga ɗaya mai gilashin da ba ya fashewa. Bayan an taso daga coci jama'a suka cika wurin. Injiniya ya gyara hula ya ba da umarni.

"Ambo, ka yi ta jifan taga da kwakwa. Entoy, ka sakar wa ƙofa ruwa da injin ban ruwa. Duk abin da kuka ga ina yi a ciki, kada ku tsaya. Guguwa ba ta jin roƙo."

Ya shiga ya ja ƙofa. Gaskiya dai a faɗe ta, aiki ya yi kyau. Kwakwa na tarwatsewa, gilashi ko gezau. Ruwa ko ɗigo bai shiga ba, duk ya taru a bakin ƙofa ya zama taɓo mai laushi.

Baunar da wani dattijo, Tiyo Islaw, yake noma da ita tana ɗaure a gindin mangwaro, rana ta dafa ta. Ta hango taɓo. Ta tsinke igiya ta taho a natse kamar ita ma an gayyace ta, ta kwanta, ta jingina gadon bayanta da ƙofar da ke buɗewa waje.

Muka ga Injiniya ta gilashi ya tura ƙofa. Ya sake turawa da kafaɗa. Ya dawo taga yana ɗaga hannu yana wangale baki, amma gilashin nan ko sauti ba ya bari ya fita.

"Me yake cewa?" in ji Entoy.

"Ƙari yake so," in ji Ambo, ya ɗauko kwakwar da ta fi girma.

Sai da Manay Salbe ta ƙwace tiyon ruwa ta juya shi kan Daraktoci sannan guguwa ta lafa. Aka ja bauna, aka tura, aka nuna mata ɗanyar ciyawa. Ta lumshe ido. Maganar mai ita kaɗai take ji, shi kuwa yana can wajen faɗan zakaru, kuma ba a haifi wanda zai taso Tiyo Islaw daga can ran Lahadi ba. Wani ya ce a fasa tagar. Aka sa guduma, guduma ta dawo ta kusa cire wa Dikoy haƙori.

"Manay, mijinki ya iya aiki," na ce. "Ko shi bai isa ya fito ba."

"Ke dai ki koma ga ayabarki," in ji ta.

Da rana ta karkata Daraktoci suka hau sama suka kwance falle ɗaya na kwanon rufi. Hula ce ta fara fitowa, sai kai, sai ƙirji. Tumbi ya ce shi a nan zai tsaya. Haka Injiniya ya maƙale, rabi a sama rabi a ƙasa, gumi na zuba, amma sai da ya ɗaga wa jama'a hannu kamar mai neman zaɓe.

"Kun gani ko? Gwaji ya yi nasara!"

Kapitana ta matso da lemarta tana share hawayen dariya. "Manoy, tagoginka na saya, duka. Ƙofofin ma naka ne, amma da sharaɗi. Ka juya su su riƙa buɗewa ciki kamar na kowa. In na zuba tsofaffin unguwa a zaure, bishiya ta faɗo a bakin ƙofa, ta rufi zan zaro su? Ga shi kuma ka tare wa arziki hanya."

Manay Salbe ta haɗa hannuwa tana ɗaga masa gira. Daraktoci suka zuba masa ido. Kalma ɗaya ake jira ya furta: "To."

Injiniya ya dube mu daga sama, ɗaya bayan ɗaya.

"A bar baunar, ta fi ku gane inda ya fi aminci a garin nan," ya ce. "Kapitana, tun zamanin kakanninmu ƙofofinku a buɗe suke ciki kuna jiran arziki. Faɗa mini, wa ya taɓa turowa ya shigo, in ban da guguwa da ke kanki lokacin neman ƙuri'a?"