Lambatun da Na Haƙa wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na yi golmo ba, kuma ko na so in manta, matan unguwar su Rifkatu ba za su bari ba.

Golmo dai shi ne noman da saurayi ke yi wa mahaifin yarinyar da yake nema a ƙasarmu ta Zuru. A da shekaru ake kwashewa ana yi. Ni kuwa a bariki na tashi, iyakar nomana tumatir a tsohon bokiti, amma ina da difloma ta aikin gona, kuma a lokacin gani nake takarda ta fi fartanya. Mahaifin Rifkatu, wani tsohon soja da kowa ke kira Baba Saje, ya dube ni sama da ƙasa ya ce zamani ya canja, damuna ɗaya ta isa. In ya gamsu da aikina, a sa ranar aure bayan kaka. In bai gamsu ba... bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Gonar tana kan gangare a wajen Dabai. A gindinta an jera duwatsu layi uku, gamba ta yi duhu a bayansu, can ƙasa kaɗan kuma ga rijiyar da duk unguwar ke sha. Da aka yi ruwan farko na ga ruwa ya kwanta a jikin duwatsun, ya ƙi wucewa. Nan take na tuno darasin aji: ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa. Na ce a raina, ashe shekara da shekaru tsohon nan na fama, ba wanda ya ganar da shi.

Sai Allah ya sa aka kira su Baba Saje tantancewar 'yan fansho a Birnin Kebbi, zai yi kwana huɗu. Na samo amalanke biyu na ɗanyen kashin shanu daga ruga, na jibge a saman gona don ruwa ya riƙa raba shi da kansa (wannan dabarar tawa ce, kada a ɗora wa malamaina). Na kwashe duwatsun na tara gefe guda, na sare gambar, na haƙa lambatu miƙaƙƙe tun daga sama har ƙasa. Har igiya na ja don kada ya karkace.

Rifkatu ta kawo mini abinci, ta tsaya tana kallo.

"Ka tambayi Baba kuwa?"

"So nake ya zo ya gani da idonsa," na ce.

"Zai gani kam," ta ce, ta ɗauki kwanonta. Ni a zatona yabo ne.

Ranar da Baba ya dawo aka tafka ruwa da la'asar. Washegari na sa farin kaftani na tafi karɓar godiya. Na biya ta gona, babu ɗigon ruwa a kwance, tulin takin ma ya ragu da rabi. Daɗi ya kama ni. Amma da na isa gidan na tarar da mata sun cika tsakar gida da bokitai babu komai a ciki. Na gaishe su, suka amsa a taƙaice, suka juya zancen zuwa yaren C'lela, wanda ban iya komai a cikinsa ba sai gaisuwa. Na ɗauka rasuwa aka yi, har na fara haɗa fuskar ta'aziyya.

Baba Saje na zaune a gindin mangwaro. Ya nuna mini benci.

"Rifkatu, kawo wa baƙonmu ruwa. Na rijiya."

Ta kawo a kofin silba, ba ta ko kalle ni ba. Ruwan ya yi kalar shayin da ba madara, ga wani ɗan haki na yawo a kai. Warin kuwa na san shi, amma na rasa inda na san shi.

"Sha mana, malamin gona," in ji Baba.

"Baba, kamar ruwan nan ba shi da lafiya."

"To. Me ya same shi?"

Kun san abin da na ce? Na gyara zama na ce, "Wataƙila wani ne ke zubar da ƙazanta kusa da rijiyar. Ya kamata a nemo shi, a yi masa magana." Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Har lokacin, Allah shaida ne, ban gane ba.

Baba ya tashi ya ce in biyo shi, matan suka biyo bayanmu. Ya kai ni tulin takin, ya sa ni gaba muka bi lambatun taku ɗaya-ɗaya. Lambatuna ya miƙe sak, ya wuce inda duwatsu suke a da, ya wuce kututturen gamba, ya ƙare a bakin rijiya daidai inda ginin ya tsage. Nan na tuna inda na san warin. Kofin yana hannuna har yanzu, na rasa inda zan ajiye shi.

"Duwatsun nan babana ya jera su," in ji Baba, a hankali. "Su ke tsai da ruwa ya nutse, gamba ta tace sauran. Taki kuma sai ya ruɓe tun rani ake kaiwa, a binne shi a kunya. Jikokina ke shan ruwan nan. An koya muku fitar da ruwa, ba a koya muku tambayar inda zai je ba?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsoro kuma ya kama ni, don na riga na ga auren ya bi lambatun.

Kwana tara ina jigilar jarkoki a babur daga famfon burtsatse na wata unguwa, ana yashe rijiya. Na cike lambatun, na mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, Baba na zaune yana cewa, "Ba nan yake ba." Da na gama ya zagaya ya duba, ya ce, "Ba laifi. Amma gamba sai ta shekara take kamawa. Mu gani baɗi."

Haka golmona ya koma damuna biyu. Yau 'ya'yanmu uku da Rifkatu, kuma ko kwatar wanka zan gyara sai na bi ta da ƙafa na ga inda ta ƙare. Amma har gobe in na je gidan Baba aka kawo mini ruwa, sai wata ta leƙo ta ce, "Malam, duba mana shi, lafiyarsa ƙalau?"