Jabel a Idon Ruwan Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da zuwana na ƙarshe ƙauyen su marigayiya matata ba. Ita 'yar Mosi ce, ni kuwa haifaffen Zongo ne a nan Wagadugu. Bayan rasuwarta gida ya yi mini faɗi, yara duk sun watse. Na ce bari in je in ɗan zauna cikin danginta, ko na samu waɗanda za mu riƙa tuna ta tare.

Idon ruwa ɗaya gare su, a gindin wasu manyan itatuwa. Ba a zuwa da takalmi, ba a kai sabulu, da ƙwarya kawai ake ɗiba. Wata tsohuwa da kowa ke kira Yaaba ce ke tsaronsa. A ciki akwai tarwaɗa manya-manya da ba mai taɓawa.

Da na ga kifi na yawo a ruwan sha, na ce a raina, bayin Allah, ba su samu mai wayar musu da kai ba. (Shi mai wayarwar ko firamare bai gama ba.) Ranar kasuwa na hau ɗan babur ɗina mobilet na sayo jabel bidon guda, wato jarka cike da ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda muke ɗigawa a rijiya. Ban gaya wa kowa ba, so nake alherina ya zo musu ba zata. Da Yaaba ta tafi cin abincin rana, na tuɓe takalmi (ka ji mai bin doka) na juye shi kaf.

Kafin la'asar tarwaɗan sun taso, ciki sama. Jama'a suka taru, mata sun ɗora hannu a ka. Ni kuwa na kutsa ina murmushi.

"Ku kwantar da hankali, ni ne na tsabtace muku shi."

Salfo, ƙanin matata, ya matse mini hannu. "Alhaji, don Allah yi shiru."

Yaaba ta dube ni, ba faɗa ba tsawa. "Mijin 'yata, kifin nan su ke cinye tsutsa. In suna da rai, mun san ruwa lafiya yake. Yanzu wa za mu tambaya?"

Washegari gari duka ya fito kwalfe idon ruwan. Na ɗauki ƙwarya zan taya, aka karɓe cikin ladabi: wanda ya ɓata ruwa ba ya taɓa shi sai an sake buɗewa. Na koma gindin itace ni kaɗai, ina kallon mata na tafiya ƙauyen maƙwabta da tuluna. Ruwan da suka wahalo a kai, ni aka fara kawo wa, moɗa cike. Gara a ce zagina suka yi.

Na tattara na dawo Zongo. Duk sallah Salfo na kira ya ce sababbin kifin da aka zuba a idon ruwan sun girma, in zo. Nakan ce sai ƙafa ta yi sauƙi. Ƙafata lafiyarta ƙalau.

Yanzu ko ƙuda na gani a furar wani, sai na tambaya ko ɗan gida ne kafin in cire.